Gavino Ba Ya Cin Wake

A garinmu, duk wanda ka tambaya wane ne Gavino Deidda, abu biyu zai faɗa maka: direban motar kwana-kwana ne, kuma ba ya cin wake. Na biyun ma shi za a fara faɗa, don a wannan yanki namu na haƙar kwal da ake kira Ruhr, mutum ya ce ba ya cin babban wake da kitsen alade, kamar ya ce ba ya gaida uwarsa ne.

Ubansa daga tsibirin Sardiniya ya zo haƙar kwal, ya kama ɗaki da matarsa a layin da ke bayan masana'antar kwalta. Nan aka haifi Gavino, cikin warin kafur. A masana'antar ake dafa kwalta a tace kafur, tankoki su kwashe shi da zafinsa, narkakke kamar mai. Warin ya shiga labule, ya shiga burodi. Mu 'yan gari ba ma jin sa sai mun yi tafiya mun dawo.

Yana ƙarami wata maƙwabciya ta zuba masa wake don alheri. Kafin a ankara idanunsa sun koma rawaya, fitsarinsa ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, sai da aka ƙara masa jini. Likita ya ce gado ne ta wajen uwa, irin na mutanen tsibirinsu: jininsa ba ya shiri da wannan wake, kuma ba ya shiri da kafur. Ɗan warin da ke yawo a iska ba zai yi masa komai ba, amma in ya shaƙa da yawa ko ya zauna masa a fata, jinin zai lalace. Uwarsa ta dawo gida ta zazzage akwatunan tufafi, ta watsar da ƙwayoyin kafur har da na aljihun kwat ɗin ubansa.

"Ɗana," in ji ta, "zancen wake ka faɗa wa kowa. Zancen kafur ka bar shi a cikinka. Shi ke ciyar da garin nan, ba wanda zai ɗauki mai gudunsa aiki."

Ya bar shi a cikinsa. Ya koyi kanikancin manyan motoci, kuma tun gemunsa bai fito ba ya shiga 'yan kwana-kwana na sa-kai. A makaranta ɗan baƙi ne, a layi ɗan baƙi ne, amma ranar da ya riƙe mesar ruwa ba wanda ya sake tambayar daga ina ubansa ya zo. Wannan ne ya sa yake ƙaunar hular kwanonsa fiye da yadda ya kamata a ƙaunaci hula.

Duk shekara, in wake ya nuna a lambunan bakin kogi, rundunar kwana-kwana kan ɗora ƙatuwar tukunya a harabar tasharsu. Shugabansu, Friedhelm Sobotta, mutum mai tumbi da murya kamar ganga, shi ke kawo waken daga lambunsa, shi ke juya tukunya, kuma ba a isa a taɓa masa ludayi ba. Gavino kan zo da burodinsa da cukun tumaki a ƙunshe, ya zauna a ƙarshen tebur.

"Ga ɗan sarki ya iso da abincinsa!" Friedhelm zai daka tsawa. "Kai Gavino, cokali ɗaya dai, don ka zama ɗan gari."

"Ci abinka, tsoho. In an jima kai da motar ba za a san wanda ya fi fitar da hayaƙi ba."

Haka aka yi shekara da shekaru, kowa na ɗaukar abin tsirfa ce kawai. Sai aka kawo sabuwar likita mai duba lafiyar runduna, Dakta Tenhagen, wadda ba ta duba mutum sama-sama. Ta auna jininsa, ta kira shi, ta kira Friedhelm. Ta ce mai irin wannan jini ba shi da abin yi kusa da gobara a garin da tankokin kafur ke ratsawa safe da yamma. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Friedhelm ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ka koma rukunin dattawa. Ba korar ka aka yi ba."

Rukunin dattawa su ne masu riƙe tuta a jana'iza da gasa nama ranar biki. Gavino ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni zan riƙe tuta? Sai dai a jana'izarka. Ba inda za ni."

"Kai ka cika taurin kai."

"Na ji. Cire ni daga masu shiga wuta in ka ga dama. Amma mota tawa ce, injin ruwa nawa ne. Wanda ke son kujerar nan ya zo ya ɗaga ni."

Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a tsakiya. Aka hana shi sa takunkumi da tukunyar iska, wato ba shi ba shiga hayaƙi. Zai tuƙa mota, ya tsayar da ita ta inda iska ke fitowa, ya tsaya a kan injin ruwa. In aka yi kiran kafur kuma iska ta juya, ya bar wurin. Ya ce ya yarda. Friedhelm, da ya san hali zanen dutse ne, bai yarda da yardar ba.

Ranar da abin ya faru, ranar aiki ce da azahar, wake ya kusa nuna. Jiniya ta yi kuka, amma yawancin 'yan sa-kai suna wuraren aikinsu a wasu garuruwa, waɗanda suka zo ba su cika mota ba. Wata tanka ce ta kife a kwanar gada, daf da lambuna. Direban ya tsira da ƙafarsa. Narkakken kafur na kwarara a kwalta, ya kama da wuta, baƙin hayaƙi ya toshe sama. Manyan motocin kwana-kwana na masana'anta suna hanya, amma tankar ta tare gada, sai sun yi zagaye.

"Kar wanda ya harba masa ruwa kai tsaye!" Friedhelm ya yi ihu. "Zai tafasa ya fantsamo muku a fuska. Kumfa! Heike, ke da Bernd ku rufe shi da kumfa, kar wuta ta kai cikin tankar!"

Heike ma'aikaciyar kantin magani ce, Bernd mai gyaran rufi. Suka ja mesa suka matsa har zafi na lasar rigunansu. Friedhelm ya ɗauki wata mesar yana yi wa jikin tankar feshi don ta huce. Gavino na can baya, hannu a kan inji, ido a kan allurar ma'aunin ruwa. Duk abin da ya raba mutanen nan uku da wuta, ta hannunsa yake bi.

Sai iska ta juya.

Tururin kafur in ya sha sanyi komawa yake farin gari. Gavino ya ga abu na sauka masa a hannun riga, fari fat, kamar dusar ƙanƙara a tsakiyar bazara. Ya sauka a gilashin mota, ya sauka a ganyen wake, ya manne masa a wuya inda gumi yake. Warin da ya saba da shi tun yana goye ya shige masa maƙogwaro, wannan karon da nauyinsa. Tsoro ya kama shi sosai, don ya tuna gadon asibiti da fuskar uwarsa.

Rediyo ta yi ƙara da muryar Friedhelm. "Gavino, bar wurin! Yanzu!"

"In bar wa wa injin?"

"Ka bar shi yana aiki ka gudu!"

"Kumfa ta kusa ƙarewa, sai an canza jarka. Kai za ka zo ka canza, ko Heike?"

"Umarni nake ba ka!"

"Na ji umarninka. Duba gabanka, tsoho, wuta na bin taya."

Ya buɗe akwatin gefen mota, ya fizgo takunkumin da aka haramta masa, ya saɓa tukunyar iska, ya koma kan injinsa. Friedhelm ya yi ta zage-zage a rediyo, Gavino ya yi kunnen uwar shegu. Ya canza jarka, ya sake canzawa, kumfa ba ta yanke ba ko sau ɗaya. Har motocin masana'anta suka iso yana nan tsaye, fari tun daga hula har takalmi. Wuta ba ta kai cikin tankar ba.

An wanke shi tas a wurin, amma aikin gama ya gama. Washegari idanunsa suka fara rawaya. Ya kwanta asibiti, aka yi ta ƙara masa jini, akwai lokacin da matarsa ta daina amsa waya. Rundunar gaba ɗaya ta yi layi a wurin ba da jini, Friedhelm a gaba, yana tsinuwa yana miƙa hannu. Dakta Tenhagen ta zo dubiya, ba ta ce ai na faɗa ba. Ta tsaya kawai tana kallonsa, shi kuma ya rasa inda zai sa ido.

Ya fito a rame, wando na zamewa. Ranar bikin wake ta zo, amma babu wake, don hukuma ta sa an tumɓuke lambunan bakin kogi duka, an kwashe har ƙasar. Gavino ya shigo haraba da ƙunshinsa kamar kullum, sai ya tarar babu tukunya. Tebur cike yake da burodi da cukun tumaki, manyan ƙarti na taunawa suna yamutsa fuska.

"Wannan abin ka ke ci duk shekarun nan?" in ji Bernd. "Allah ya ba ka haƙuri."

Gavino ya yi dariya, amma idonsa ya riga ya kai bango. Ƙusar da hularsa ke rataye ba komai a kanta. Hular na can gefe, kusa da tuta.

Friedhelm ya ajiye kofin giyarsa. "Ka ƙi bin umarni a gaban wuta, kuma saura ƙiris ka mutu a hannuna. Ba zan sake tsayawa gaban matarka da wannan fuskar ba. Magana ta ƙare."

Gavino ya ji abin ya soke shi fiye da allurar asibiti. Bai roƙa ba, bai kuma zauna ba.

Suna cikin haka jiniya ta tashi. Rediyo ta ce man girki ne ya kama da wuta a kicin ɗin wata tsohuwa a bayan coci. Kowa ya watse zuwa ga rigarsa. Kafin Friedhelm ya gama ɗaura bel, Gavino ya ɗauko hularsa daga gefen tuta, ya haye kujerar direba, ya tayar da mota.

Friedhelm ya riƙe murfin ƙofa. "Sauko."

"Ɗaga ni."

"Kai, jinina ne a jikinka! Ba don ka je ka zubar na ba ka shi ba."

"To shi ne ya ƙi zama. Da jinina ne, da ina can ina riƙe tuta."

Heike ta leƙo daga baya. "Kicin ɗin matar nan na ci, ku kuna musu!"

Friedhelm ya dubi rawayar da ba ta gama barin idon mutumin ba, ya dubi hannun da ke kan sitiyari. Hannun ba ya rawa. Ya maido ƙofar da ƙarfi, ya zagaya, ya hau ɗaya gefen yana huci.

"Kicin kawai," in ji shi. "Gobe za mu yi magana."

"Gobe ma ina nan," in ji Gavino, ya saka wa motar giya.