Daftarin da Sitti ta zaci nata ne

Tsakanin magariba da isha'i lokacin Sitti ne, kakarmu. A kan rufin gidanmu na unguwar Nakkasa, a ƙasa mai tsarki, take zama, murhun gawayi a gabanta, shayi yana tafasa, mu jikoki mun kewaye ta tana mana tatsuniya. Idanunta sun riga sun yi rauni, amma kunnenta garau yake. Ko gyaɗa ka ɓare a ɓoye sai ta kira sunanka.

Ni a lokacin hankalina yana Amurka. Yayana Bashir ya tafi karatu can, ya kamu da son besbol, wasan da ake jefo ƙwallo a maka mata sanda a ruga da gudu. Duk unguwarmu babu wanda ya san shi, ni ma ban taɓa ganin filinsa ba. Amma idan Yaya ya kira ran Juma'a, zancen wasan nan kaɗai ke sa ya daɗe da ni a waya. Don haka kullum sai in ari wayar Umma in kwafe sakamakon wasan jiya a daftari: wa ya ci, wa ya doki ƙwallo sau nawa, mai jifa ya fitar da mutum nawa. Layi-layi, har da rula.

Wata rana Sitti ta ji motsin biro.

"Maigidana, esh kake rubutawa?"

"Tatsuniyarki ce, Sitti."

Na faɗa ne kawai don kada a ƙwace wayar. Ita kuwa ta yi murna har ta ƙara mini sukari. Daga ranar ta rage saurin magana. Takan tsaya a tsakiyar labari ta ce, "Ku yi sabar shwayya, ku ɗan dakata maigidana ya rubuta." Kowa ya yi shiru, ni kuma ina cika layin wani mai jifa da bai san ina duniya ba. Idan maƙwabta suka shigo ta ce, "Waɗannan duk Larabci ya cinye su. Wannan ne zai riƙe min kayana."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata masaƙiya da fari ya watsa garinsu, ita ta ƙi tashi. Kullum kurciya takan zo ta zare mata zare ɗaya daga saƙa ta tafi da shi. Da zanen ya kusa ƙarewa sai ta kama bakin zaren ta bi, ta wuce rijiyoyi busassu, har gindin wata kuka mai ƙofa. Iyakar abin da na riƙe ke nan.

Bayan an rushe ɓangarenmu na unguwar mun koma unguwar Ka'akiyya, Sitti ta fara mantuwa. Wata la'asar ta kira ni bakin gadonta.

"Ɗauko daftarin nan, ya waladi. Masaƙiyar nan ta ɓace min. Karanta min."

Na ɗauko, na buɗe a kan layukan lambobi, na fara faɗa da ka kamar ina karantawa. Tana murmushi, tana gyaɗa kai. Da na kai ƙofar kuka sai na tsaya.

Ta jira. Can ta ce, "Juya shafin mana."

Na juya. Na ce mata ruwa ya ɓata wurin. Ta ce, "Malesh, ba komai, ka yi ƙoƙari," ta shafa min kai.

Yaya Bashir ya dawo, ya yi aure, yanzu ko sunan wasan ba ya ambata. Na tambayi duk jikokin da suka zauna a rufin nan, babu wanda ya tuna ƙarshen labarin. Kowa ya saki jiki ne saboda an ce ina rubutawa. Da ina ganin laifina ƙarya ɗaya ce ta yaro. Sai da na girma na gane cewa ƙaryar ta hana kowa riƙewa, har ita mai labarin. Ina jin kunyar wannan har yau. Sitti ta rasu tana yi min addu'a a kan aikin da ban yi ba.