Karen Bature Da Hannun Inna

A shekarun farko na samun 'yancin kai ni ƙaramin malamin gona ne, ban fi shekara ashirin da biyar ba, an ba ni duba gonakin auduga tsakanin Makarfi da Kudan. Ina da sabon keke, da wandon kaki mai shan guga, da wani ji da kai wanda yau nake jin kunyar tunawa da shi. Gidanmu yana bakin gari a Gubuchi, ni da matata da mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna. Birai sun matsa wa masararmu ta bayan gida, muzuru kuma yana ɗauke mana kaji da rana tsaka. Shi ya sa na ƙudura samun kare, bayan limaminmu ya ce babu laifi in don tsaro ne.

Cikin mako guda aka yi mini tayi biyu. Wani Bafulatani maƙwabcinmu, mai shanu a hayin rafi, karyarsa ta haihu, irin siraran karnukan nan masu dogayen ƙafafu da ke kamo zomo a guje. Ya ce in zo in zaɓi wanda ya yi mini. A Zariya kuma Baturen da ya koya mana aiki yana shirin komawa ƙasarsu, yana neman wanda zai riƙe kwikwiyon ƙatuwar karyarsa mai tsayayyun kunnuwa da baƙin baya. Na yi kwanaki ina auna su. Na Bafulatani yana cin abin da ya samu, yana jure zafi, amma an ce ba ya iya zama wuri ɗaya. Na Bature ga ƙarfi ga fahimta, ga muryar da ke razana ɓarawo, sai dai yana son nama da kulawa.

Na kai maganar wurin kawuna, tsohon maharbi ne da ya san karnuka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, dukansu biyu wuta ce a jikinsu. Wa zai riƙa fita da shi har ya gaji?" Ya tuna mini cewa daga sallar asuba nake hawa keke, ba na dawowa sai magariba. Ya ce in ba ni da lokaci in haƙura da duka biyun, in kafa mutum-mutumi a gona, in gyara akurkin kaji. Matata ta ce ita dai ba za ta taɓa shi ba saboda tsarkin kayan sallarta. Inna ba ta hana ni ba, ta ce kawai babban yana ba ta tsoro. Duk na ji su, amma abin da nake hangowa shi ne ranar da zan shiga kasuwar Makarfi da karen Bature yana bin kekena, mutane suna waiwaye. Na ɗauko shi a cikin kwando.

Watannin farko lafiya lau. Da ya girma sai ya fara tone kuɓewa da yakuwar da matata ta shuka, yana yaga tabarmi, yana korar awakin maƙwabta. Maimakon in gane gudu yake nema, sai na sayo igiya mai kauri na ɗaure shi a gindin tsamiyar tsakar gida. Kullum ina cewa ranar Lahadi zan kai shi daji, Lahadi ta zo in ce na gaji. Ya zagaye bishiyar nan har ƙafarsa ta yi hanya a ƙasa. Matan unguwa da ke zuwa hira wurin Inna suka ɗauke ƙafa, masu tallar nono suka koma tsayawa a waje. Na ga duk wannan, na yi kamar ban gani ba.

Wata rana da hantsi, ina can Likoro wurin aiki, Inna ta fito daga rumbu da ƙwaryar gero a ka. Igiyar da karen ya daɗe yana taunawa ta tsinke. Ya ruga ya ɗora ƙafafunsa na gaba a ƙirjinta, yadda yake yi mini in na dawo. Bai cije ta ba. Amma tsohuwa ce, ta faɗi a kan turmi, wuyan hannunta na dama ya karye. Da na iso da la'asar na tarar mai ɗori ya gama ya tafi, geron yana zube a ƙasa ba wanda ya kwashe. Na ɗauki sanda na nufi karen. Daga ɗaki Inna ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kada ka dake shi. Wasa yake nema, bai samu mai yi da shi ba."

Hannun ya warke, amma a karkace. Inna gwanar kaɗi ce, masaƙa har daga Ikara suke aiko neman zarenta, kuma a wurin kaɗin nan take waƙoƙinta tana dariya. Daga ranar ba ta ƙara iya murza mazari ba. Sau biyu na gan ta ta gwada a ɓoye, zaren yana tsinkewa, daga baya ta miƙa wa matata kayan kaɗin duka. Ta rayu shekara tara bayan haka, ba ta taɓa goranta mini ba ko da wasa. Da ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Karen kuwa na ba wa wasu mafarauta na ƙauyen Malikanci. Na gan shi sau ɗaya da rani, ya rame ya yi ƙarfi, yana kwance a inuwa tumaki suna gilmawa ta gabansa ko kai bai ɗaga ba. Nan na tabbatar laifin ba nasa ba ne, kuma da siririn na ɗauko, a igiyar zai ƙare shi ma.

Don haka nake roƙon masu karatu, kafin ku tsaya gardamar wane irin kare ya fi, ku dubi yininku, ku dubi waɗanda za ku bari a gida tare da shi. Kai ne za ka zaɓa ka fita harkarka, amma mai rauni a gidan shi ke zama da abin da ka zaɓa. Ni Innata ce na bari. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mini.