Kuini Rapata da Karenta Pango

Kuini Rapata ta ƙare ƙuruciyarta tana gyaran kifi a wani kamfani, har sanyi ya tanƙware mata yatsu. Mijinta teku ta ci shi, 'ya'ya suka tafi birnin Okland, sai waya jefi-jefi. Abin da ya rage mata shi ne Pango, wani tsohon baƙin kare mai ɗingishi, wanda yake raka ta bakin ruwa kowace safiya.

A shekarar da ruwan teku ya yi ɗumi, igiyar ruwa ta fara watso gawarwakin 'ya'yan korora, ƙananan tsuntsayen nan masu shuɗin baya da ba sa tashi sai iyo. Ga su nan birjik a kan rairayi, duk sun rame. Mutanen ƙauye suna ji da tsuntsayen nan, ransu ya ɓaci, suka shiga neman mai laifi. Ana haka aka hangi Pango da mushen ɗaya a baki.

Tipene, ɗan ƙanenta, shi ya zo da bindiga, maƙwabta na biye da shi.

"Gwaggo, matsa gefe," in ji shi.

"Kai Tipene, haƙoransa ma sun zube. Da me zai kashe su?"

A bakin ƙofarta ya harbe shi. Wata mata har da cewa yanzu an huta.

Tsuntsaye ba su daina mutuwa ba. Da jami'an gwamnati suka zo suka buɗe cikin tsuntsayen, ba su tarar da komai ba. Yunwa ce, don kifin da suke ci ya gudu can ƙasa inda ruwa ke da sanyi. Kowa ya ji, amma babu wanda ya tako gidan Kuini.

Daga nan ta ɗauki sabuwar ɗabi'a. Kullum sai ta cika buhu da gawarwakin, ta ja shi har ƙofar Tipene ta zazzage. Wari ya hana yaransa fita wasa. Ya fito ya roƙe ta, ya ce ya isa haka.

"Ga su nan, ba su daina ba," ta ce. "Nemo wanda za ka harba."

Ba ta fasa ba sai da ƙafa ta gaza. 'Ya'yanta suka zo suka kai ta gidan tsofaffi a Okland, a can ta rasu. Kafin rasuwarta Tipene ya je duba ta sau ɗaya, ta juya fuska bango.