Makon da Malam Fensir Bai Zo Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa makaranta, ya jingine kekensa a gindin tankin ruwa, ya wuce ofishin malamai kafin kowa. Ba ya zama. Gaban wani faffaɗan kwali mai layi-layi da aka manna a bango yake tsayawa, hannu a baya kamar wanda ya zo gaida surukai. A kwalin nan aka rubuta wane malami zai shiga wane aji, wace rana, da ƙarfe nawa: aji goma sha takwas, malamai arba'in da ɗaya, darasi takwas kullum. In an aiko cewa wani ba zai zo ba, sai ya zaro fensir daga bayan kunne, ya goge nan, ya rubuta can, kafin a kaɗa ƙararrawa ya toshe gurbin. Sannan ya ɗauki naɗaɗɗiyar taswirarsa ya tafi koyar da labarin ƙasa, aikin da aka ɗauke shi dominsa ke nan.

Shekara ashirin da bakwai yana haka. Yara suka raɗa masa Malam Fensir, sunan ya bi shi har gida, har matarsa in ta so tsokana haka take kiransa. Mu kuwa mun ɗauka jadawali kamar hantsi yake, da kansa yake fitowa. Ko shekarar da iska ta yaye rufin azuzuwa huɗu, ya raba yaran tsakanin ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje da baranda har wata biyu ba wanda ya rasa darasi, kafintan da ya gyara rufin aka yi wa godiya.

A bara idonsa ya fara yana. Sai da ya kai in zai karanta kwalin sai hancinsa ya kusa taɓa shi. Likita ya sa ranar yi masa aikin ido a makon farko na zango. Ya so ya zana jadawalin kafin ya tafi, amma Mataimakiya, wato mataimakiyar shugaban makaranta, wadda zangonta ɗaya da zuwa, ta ce masa, “Baba, ka je ka huta. Kwamfuta za ta yi mana shi cikin minti biyar.”

“Minti biyar?”

“Ko ma ƙasa da haka.”

Ya ce to. Ya tura kekensa zuwa gida yana ta juya maganar. Aikin da yake kwashe masa rabin hutu, wai minti biyar. Ya rasa abin da ke damunsa: tsoron a samu matsala ne, ko tsoron kada a samu?

Ranar Litinin yana kwance a falo da bandeji a ido, waya ta yi ƙara. Malam Dogo ne, malamin lissafi.

“Malam, ga ni a aji uku, ga kuma Malam Ƙarami a aji ukun.”

“Wa ke da darasin?”

“Sunanmu aka rubuta.”

Malamai biyu ne masu suna ɗaya, dukansu na lissafi, shi ya sa ake bambance su da tsawo. Kwamfuta ta haɗe su ta mai da su mutum guda. Suka tsaya gaban allo cirko-cirko, kowa da allinsa, yara na kallon ikon Allah, aji biyar kuma na can ba kowa, sai kiɗa da benci.

Kafin azahar waya ta yi ƙara sau tara. An fitar da yara motsa jiki rana na tsakar ka, biyu sun sume. Azuzuwa uku sun haɗu a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, kowanne da takardar da ta ce nasa ne. Mai ƙararrawa ya rikice ya kaɗa tashi tun da saura darasi ɗaya, rabin makaranta ta watse. Malam Fensir na sauraro, yana ɗaga hannu zuwa bayan kunne yana tarar da igiyar bandeji.

Waɗannan duk masu sauƙi ne, an gyara su a kwana biyu. Abin da ya ɗaure wa Mataimakiya kai daban ne: malaman da ba a taɓa jin kansu ba suka fara ɓacewa. Malamar Turanci ta fice ƙarfe sha ɗaya ta bar aji. Dattijon da ke koyar da tarihi aka gan shi zaune a matakalar bene, ɗalibansa na sama suna jiransa. Malamin kimiyya bai zo ba safiyar Talata, bai kuma faɗi dalili ba. Ta ba shi takardar tuhuma, ya amsa da layi ɗaya, ta ba shi ta biyu. Ta uku kuwa a makarantar nan gaban hukuma take kai mutum.

Ranar Laraba da la'asar ta zo gidan Malam Fensir da takardun a hannu. Matarsa ta shimfiɗa mata darduma, ta karɓi takardun tana karanto masa.

“Kimiyya, Talata, darasin farko.”

“A mai da shi bayan sha biyu. Juma'a ma haka.”

“Saboda me?” in ji Mataimakiya.

“Haka dai ya fi.”

“Tarihi, aji shida, a sama.”

“A sauko da ajin ƙasa.”

“Baba, ajin gaba ɗaya? Saboda me?”

Dalilan duk suna nan a cikinsa, sai dai ba nasa ba ne. Kowanne an kawo masa shi ne a keɓe, murya ƙasa-ƙasa, an ce, “Malam, tsakanina da kai.” In ya faɗa ya ci amana, in ya yi shiru takarda ta uku na tafe. Gaba kura, baya sayaki.

“Ni fa ban gane ba,” in ji ta. “In alfarma ake yi wa wasu, a gaya mini. Ba zan sa hannu a abin da ban san kansa ba. Jibi akwai taron malamai, in za ka iya ka zo.”

Tana fita ya sa matarsa ta kira masa malamin kimiyya.

“Ɗana, ka sake mini baki in yi mata bayani.”

“Baba, don Allah kar ka faɗa. Ba na son a riƙa bina da kallon tausayi. Ita ma maiɗakina ba ta so a sani.”

“Aikinka fa?”

“Allah na nan.”

Ya ajiye wayar. Matarsa ta ce, “To kai yanzu me za ka ce musu?”

“Wallahi ban sani ba.”

Ranar taron ƙanensa ya kawo shi a mota, ya shiga da baƙin tabarau, aka ba shi kujera kusa da taga. Mataimakiya ta ɗaga tsohon kwalin zangon da ya wuce. Ta ce ta kwana biyu tana nazarinsa, ta ga abubuwan da ba su da kan gado: wane ba ya hawa bene, wance ba ta da darasi ƙarfe sha ɗaya, wani aji ba a taɓa sa masa lissafi da sassafe ba. Ba zargi take yi ba, so take ta fahimta.

Shi dai kalmar zargin kawai ya ji. Ya sunkuyar da kai. Ashe shekara ashirin da bakwai son kai yake yi bai sani ba? Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, bai ma san a kan me ba, sai kujera ta yi ƙara. Dattijon tarihi ne ya dafa tebur ya miƙe.

“Ranki ya daɗe, kar a wahalar da bawan Allahn nan. Ni ne. Gwiwata ta lalace shekara shida ke nan, na ɓoye don kar a ce in ajiye aiki. Ni kaɗai ya yi wa alfarma.”

“Kai kaɗai kamar yaya?” in ji malamar Turanci. “Ai ni ce. Sha ɗaya nake zuwa ba jaririyata nono in dawo.”

“A'a, tsaya,” in ji wani daga baya. “Na ɗauka ni ne. Kunnena ɗaya ba ya ji, shi ya sa ba ya kai ni ajin bakin titi.”

Aka shiga kallon-kallo. Wata ta ce ita ba ta taɓa roƙonsa komai ba, amma yanzu ta lura tun da aurenta da malamin zane ya mutu ba a taɓa haɗa musu lokacin hutu ɗaya a ofis ba. Malamin zanen ya ce shi ya ɗauka sa'a ce. Malam Dogo ya ce ajin da ba a sa wa lissafin sassafe, ai rabin yaransa daga hayin kogi suke takowa, ba sa isowa sai an yi nisa. Hannuwa suka yi ta ɗaguwa. Kowa ya shekara da shekaru yana jin nauyin mutumin nan, yana zaton shi kaɗai ne ɗan lele.

Malamin kimiyya ne ya miƙe a ƙarshe. Bai ɗago kai ba.

“Talata da Juma'a nake kai matata wankin ƙoda. Shekara uku. Shi kaɗai ya sani.”

Mataimakiya ta daɗe tana duban kwalin, sannan ta ɗora yatsa a kan layinta.

“Baba, ni ma ba ni da darasin ƙarshe ranar Alhamis. Ni kuwa ban gaya maka komai ba.”

“Ba ki gaya mini ba,” in ji shi. “Ina wucewa ta baranda na ji kina waya, kina cewa Alhamis ake gasa wa yaronki ƙashi a asibiti, ba ki san yadda za ki yi ba. Ki yafe mini, ba laɓe na yi ba.”

Ta cire tabaranta ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Ta zaro takardun tuhuma biyun daga fayil ta ninke su ta sa a jaka. Shi kuwa da yake ba ya ganin fuskokin mutane sosai, ya karkata wajen Malam Ƙarami ya yi masa raɗa, raɗar da kowa ya ji: “Wai laifi na yi ne, ko ban yi ba?”

Dariyar da aka yi a ɗakin nan, rabinta da hawaye aka yi ta.

Malam, ba ka yi laifi ba. Kai ne ka san cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka bi ɗaki arba'in da ɗaya kana tara ƙwarya ba tare da maƙwabci ya ji ɗigo ba. Kai ne rumbu mai murfi, abin da aka zuba maka ba ya fita. An sa ka a tsakanin mutuncinka da sirrin wani, ka zaɓi a zarge ka.

A ƙarshen wannan shekara zai yi ritaya. Jadawalin yanzu kwamfuta ce ke bugawa, kuma tana yi da kyau, amma kafin a taɓa ta Mataimakiya kan kwashe mako guda tana kiran malamai ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ƙofa, ta ce, “Akwai abin da ya kamata in sani?” Shi ya koya mata tambayar. Har yau in aka ce masa ya yi abin a yaba, sai ya ce shi fa bai gane ba, gogewa kawai yake yi ya sake rubutawa.

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana. Ku kuma da aka damƙa wa tsara ranakun mutane, a ofis ne, a asibiti ne, a tasha ne, kafin ku sa sunan mutum a gurbi, ku ɗan tsaya ku tambayi yadda ya baro gida.