Zomon Dada Mai Kwantaccen Kunne

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan ke kira Dada, tana da yatsa ɗaya a hannun dama da ba ya miƙewa. Tun tana yarinya a ruga igiyar wani bijimi ta fizge shi, aka yi ɗori, ya warke a lanƙwashe. Ba ta taɓa ɓoye shi ba. Da shi take nuna mai laifi, sai ka rasa ko kai ake nufi ko na kusa da kai.

A lokacin muna Kagarawal a gefen Gombe, gidanmu ne na ƙarshe kafin gonaki. Idan an ci tuwo, sai ta tura kara a sauran wutar murhu har harshen ya tashi, ta zauna tsakanin wutar da bangon madafa. Mu jikoki mu jeru a tabarma.

"Ku miƙo kunnuwanku," in ji ta. "Bakunan kuma ku ajiye su a zaure, ba mai ɗauka."

Dada ba da baki kawai take tatsuniya ba. Hannuwanta take haɗawa, inuwa ta fito a bango: ga kura da baki buɗe, ga bijimi da ƙahonsa. Amma in ta zo yin zomo, kunne ɗaya ne ke tsayawa. Ɗayan, saboda yatsan nan, kullum a kwance yake. Maimakon ta ba da haƙuri, sai ta yi masa labari. Mu muka sa masa suna Kunne-Kwance.

Ta ce dabbobi sun yi gari a cikin wani kwari. A cikinsu akwai wannan zomo da kunnensa ke jan ƙasa, don haka duk abin da ke tafe, shi ke fara ji. Ganye ya faɗo, ya zabura. Kowa dariya yake masa. Wata rana sama tas, ko gajimare babu, sai ya ji ƙasa tana gurnani: an yi ruwa can kan duwatsu, ambaliya na tahowa. Ya je wurin kura, ta yi dariya har ta kwanta. Ya je wurin bijimi, bijimi ya ce, "Bari ya zo, ina da ƙaho." Da zomo ya ga manya ba sa ji, sai ya bi gida gida yana faɗa wa masu goyo. Su ba su tsaya gardama ba, suka kwashi 'ya'yansu suka bi shi kan tudu. Ruwa ya iso. Bijimi ya sunkuyar da kai ya soke shi.

A nan Dada kan dakata ta dube mu. "Kun taɓa ganin ramin da ƙaho ya yi wa ruwa?" Sai mu kwashe da dariya, inuwar bijimi tana wulwulawa har ta ɓace a ƙarshen bango. A bakin wani gari aka tsince shi, da ransa amma ba baki.

Na taɓa tambayarta ko daga ranar zomon ya daina tsoro.

"Ya daina don me?" in ji ta. "Ai aikinsa ke nan. Wuta ta ci karanta, kowa ya nemi makwancinsa."

Na girma na zama ɗan kasuwa. Da tiren kaset na fara a tasha, na koma faifai, har na kama shago a Bolari ina tura wa mutane fina-finai a waya, gefe guda ina sayar da jakunkunan makaranta. A shekarun bama-bamai, gaskiya ita ce kasuwata ba ta faɗi ba. Da an sa dokar hana fita, yara na kulle a gida, iyaye sai su zo a cika musu memori da katun don a samu lafiya. Na kuma lura da abin da ke tafiya. Tsofaffin katun ɗin da muka sani, na guje-guje da barkwanci, duk an sake zana su: an ba su ƙirji, an ba su takobi, ido na fitar da wuta. Su yara ke nema.

Maƙwabcin shagona mai sayar da kayan gyaran babur ne, mutumin kudu, kuma ɗansa Obinna a Gombe aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Ya yi karatun kwamfuta, ya iya motsa zane. Na ce masa me zai hana mu yi namu, mu buga a jaka, maimakon na waje? Na ba shi labarin Kunne-Kwance.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Oga Buba, wato jarumin naka gudu ya yi?"

"Ya tserar da gari."

"Da gudu dai. Wallahi ko kyauta ka tura wa yara, gogewa za su yi. Bar ni da shi."

Na bar shi da shi, domin a kan kasuwa ya fi ni gaskiya. Zomon da ya dawo mini da shi yana da dantse kamar ɗan dambe, ga jan ƙyalle a wuya. Kunnen yana nan a kwance, amma yanzu da tabon sara. Wai a yaƙi ya same shi. Ambaliya ta zama rundunar dodanni. Zomo ya yi tsalle sama, ya juya, ya sauko da naushi, ƙasa ta fashe. Gajeren abu ne, amma ya karɓu. Yara daga unguwar Bagadaza har shago suke zuwa suna cewa a tura musu Kunne-Kwance, jakunkunan kuwa ba sa kwana.

A gida kuma akwai Ummi, autata. Suna kasuwa da mahaifiyarta ranar da wani bam ya tashi kusa da tasha. Ko ƙwarzane ba su yi ba. Amma daga ranar, ƙofa ta buga ko taya ta fashe a titi, sai a ƙarƙashin gado za a same ta, hannu biyu a kunne. Barci ya gagare ta, ta rame, makaranta ta ƙi. An yi addu'a, an je asibiti, aka ce a ba ta lokaci. Yayyenta suka sa mata suna matsoraciya. Na kawo mata katun ɗin, ina ganin jarumi zai ƙarfafa ta. Naushin farko da ƙasa ta fashe, ta jefar da wayar ta shige maɓoyarta.

Wata magariba aka ɗauke wuta, tana can ƙarƙashin gadon. Na jingina tocila a kan kujera, na haska bangon da take iya hange, na haɗa hannuwana. Zomon ya fito da kunnuwa biyu a miƙe, kamar na kowa. Na ce wa mahaifiyarta ta ba ni zare. Na lanƙwasa yatsana na ɗaure, sai ga shi, yadda na san shi. Na ba da labarin yadda Dada ta bayar, ban ƙara ko naushi ɗaya ba.

Daga ƙarƙashin gado na ji muryarta. "Baba, shi ma yana jin tsoro?"

"Kullum."

"Ba a yi masa dariya?"

"An yi. Kura har kwanciya ta yi."

Can wani abu ya yi ƙara a waje, ta zabura. Na ce, "Ummi, ni kunnuwana a tsaye suke, ban gane ba. Mene ne wancan?"

Ta cire hannu ɗaya daga kunne, ta ce, "Ƙyauren gidan su Salma ne."

"Wannan fa?"

"Keke ne. Ya taka rami."

Haka muka riƙa yi kowace yamma. Ban ce ta warke a dare ɗaya ba. An ɗauki lokaci. Amma daga toshe kunne ta koma saurare, kuma mai saurare dole ya fito da kansa waje. Da farko kai kawai take leƙowa. Daga baya ta dawo tabarma. Ranar da ta koma makaranta, ita ta faɗa mini tun a ƙofa cewa babur ɗina na wani kuka da bai saba ba. Bakanike ya duba, ya ce gaskiyarta.

Har yau ina sayar da zomon Obinna, kuma ba na jin na ci amanar kowa. Yaron da aka kulle a ɗaki yana jin harbi, yana bukatar ganin wani ƙarami ya rama, ko a allon waya ne. Sai dai na gane cewa ba kowane yaro wannan ke yi wa magani ba. Dada ta ɗauki yatsan da bai miƙe ba ta ba shi aiki, ba ta ce sai ya miƙe ba. Lokacin ina ɗauka wasa take da mu.

Da Obinna ya zo da zanen kashi na biyu, ya sa wa zomon kunnen ƙarfe, a miƙe, mai harba wuta. Na ce ya ƙara masa takobi goma in yana so, amma kunnen ya mayar da shi ƙasa.

"Oga, a miƙe ya fi kyau a jaka."

"Na sani," na ce. "Kwantar da shi."