Tukunyar Maman 'Yan Biyu Ta Je Kwatano

Da kamfanin da nake wa aiki ya ce in tattara iyalina in koma ofishinsa na Kwatano, Faransanci bai dame ni ba kamar kayan gidanmu. Mun daɗe a Jikwoyi ta Abuja, kuma matata mace ce da ba ta yarda akwai abin da ake kira shara ba. Gwangwanin madarar da muka sha a makon aurenmu yana nan, kanwa take zubawa a ciki. Da za a zazzage kicin ɗinmu a Kasuwar Wuse, sai 'yan tireda sun rufe shaguna don kunya.

Ita tana da nata shirin. Ta ce, "Baban yara, ba sai ka kira kowa ba. Matan layi za su shigo mu ɗaure kaya, kamar yadda ake wa duk mai tashi. Kai dai nemo mota."

Na ce, "Hajiya, ƙasa za mu tsallaka fa, ba kwata ba. Matan layi sun san kwastan?"

"Akwai abin da suka sani wanda kwastan bai sani ba."

Na sa hulata na fita neman kamfani.

A tashar Nyanya na samu wani direba ɗan garinmu, ƙofar motarsa da igiya aka ɗaure ta. Ya ce shanu ya sauke jiya amma zai wanke, takardun iyaka kuwa in bar wa Allah. A Wuse na hau wani bene na tarar da ofis ɗaya da ke jigilar kaya, yana sayar da filaye, yana neman biza, ga kuma kwalaben zuma a taga. Sai wani abokin aiki ya tura ni Maitama. Get, maigadi, furanni, ga sanyin esi da ya daskarar da gumin da na kwaso daga Wuse. Wani matashi mai nakataya ya miƙo mini shayi a kofin da ake ganin yatsa ta cikinsa.

Ya ce, "Oga, mu namu ful sabis ne. Mu naɗe, mu loda, mu yi takardun iyaka, mu sauke, mu jera maka. Ko tsinken ashana ba za ka taɓa ba. Ka nuna mana ƙofa kawai."

Ni da tun ina yaro ɗaukar kaya ke sa mini zazzaɓi, nan take na sa hannu.

Kafin ranar lodi matata ta yi wa layi walimar bankwana, ta aro tukunyar maman 'yan biyu. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Gbagyi, haifaffiyar wurin tun kafin a san za a yi Abuja. Tukunyar gadon uwarta ce, kuma mutum uku za su zauna a ciki su yi hira ba gwiwar da za ta taɓa wata. Suna, biki, zaman makoki, Sallah, Kirsimeti, duk shinkafar layinmu daga cikinta take fitowa. Ina ji lokacin da take ba da aron.

"Maman yara, ki dawo mini da shi kafin bikin yarinya, Asabar na sama. A cikinsa uwata ya dafa na aurena, a cikinsa zan dafa wa dangin miji."

Matata ta dafa ƙirji ta ce in sha Allahu da hannunta za ta kawo.

Sai na yi wata dabara da na ɗauka ta burgewa ce. Na tura ta Zariya da yara ta yi sallama da iyayenta, don ta dawo ta tarar an gama komai, ta san ta auri namiji. A bakin ƙofa ta juyo ta ce kar a taɓa kicin sai ta dawo. Na ce to, irin "to" ɗin nan da maza ke yi hankalinsu na kan waya.

Washegari da hantsi ma'aikatan suka iso, riguna iri ɗaya, har da safar hannu, kamar za su yi wa gidan tiyata. Matan layi suka taru a get, kowacce ta ɗaure zani a ƙugu. Shugaban ma'aikatan ya tare hanya, ya ce dokar inshora ta hana baƙo shiga ana ɗaure kaya. Ni kuwa ina harɗe kan kujerar roba a gindin mangwaro, na ɗaga musu hannu.

"Ku je ku huta, iyayena. Yau zamani ne ke aiki."

Shugaban ya leƙo ya ce, "Oga, komai da komai?"

Na ce, "Ko ƙusa kar ku bari."

To, ba su bari ba. Sun naɗe kwandon shara da sharar a ciki. Sun naɗe buta da ruwanta. Na tashi yin sallar azahar, kafin in sallame kujerar da nake kai ta shiga kwali. Na ga mutum huɗu sun fito da wani ƙaton abu a nannaɗe da bargo suna nishi, na ɗauka janareta ne, har na yi musu sannu.

Matata ta dawo ta tarar da gida wayam. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo. Ta wuce ni ta leƙa bayan gida, inda ta kife tukunyar ta bushe.

"Ka mayar mata?"

"Da me?"

Ta zauna a dandaryar ƙasa, don ba abin zama. "Baban yara, ka san dalilin da ya sa mata ke zuwa ɗaure kaya? Kowacce tana ɗaukar nata ne! Turmin nan na matar liman ne. Madambacin na matar tela ne. Manyan farantan, rariyar, ludayin ƙarfe, rabin kicin ɗin aro ne. Kujerar da ka zauna a kai ma ta masallaci ce!"

Yanzu don Allah wa ya taɓa gaya mini? Ni abinci nake gani, ba na tambayarsa a tukunyar wa ya kwana.

Na kira mai nakataya. Ya ce mota ta wuce Lakwaja, an garƙame ta, ba mai buɗewa sai Kwatano. "Oga, kai ka ce komai." Na ce to su dawo da tukunyar. Ya ce da farin ciki, za su turo ma'aikaci ya auna ta, a buɗe sabon fayil, a jira mota ta cika, wata mai zuwa ta iso. Na ce bikin Asabar ne. Ya ce Allah sa alheri.

Maman 'yan biyu ta shigo. Da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ta dubi matata ta ce, "Ba komai, maman yara. Zan nemi na haya." Ta juya ta fita a hankali.

Daga Jikwoyi har Kwatano ta bakin yara matata ke yi mini magana. Ko gishiri take so sai ta ce, "Ku gaya wa babanku." Ana sauke kaya ta ware na mutane gefe, ta tsaya a kaina.

"Na ce wa maman 'yan biyu da hannuna zan kawo. Hannunka ne ya kai ta, shi zai mayar."

Haka na zama ɗan dako na ƙasa da ƙasa. Tukunya ta ƙi shiga but ɗin mota, aka ɗaure ta a saman bas, turmi a tsakanin ƙafafuna, madambaci a cinyata. A kan iyaka wani jami'i ya hau sama ya leƙa ko na ɓoye mutum a ciki. A Legas yara suka bi motar suna tambayar ina ake biki. Ranar Juma'a da la'asar na shiga layinmu a bayan a-kori-kura, na rungume tukunya kamar ni na haife ta.

Guɗa ta tashi. Maman 'yan biyu ta zagaya tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce, "Ka gani? Shi ya je ƙasar waje, ni ko Legas ban sani ba." Ta karɓi wayata ta kira matata, suna kuka suna dariya har katina ya ƙare. Kowacce ta ɗauki nata. Na ci shinkafar biki har na kasa sunkuyawa, ina murna zan koma daga ni sai hulata.

Da safe ina sa takalmi matan layi suka fara sallama. Wannan da injin markaɗe, waccan da kuloli a ka, wata da tabarmi. Matar tela ta turo keken ɗinkin da na yi shekaru ina zargin ɓarayi a kansa.

"Na Hajiya ne da ke wurinmu," in ji matar liman. "Da an bar mu mun shiga ran nan, da tuni suna Kwatano."

Tulin ya fi wanda na kawo. Ina tsaye ina kallonsa, maman 'yan biyu ta ɗora buhun doya a sama, ta kakkaɓe hannu.

"Baban yara, za ka iya, ko a kira maka 'yan Maitama?"

Na cire babbar riga, na ce a miƙo mini igiya.