Koci a Bencin Tasha

Mai shayin tasha bai san mutumin ba, amma ya kasa ɗauke ido daga kansa. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, yana zaune a ƙarshen benci sanye da rigar 'yan ƙwallo da ya juya cikinta waje don kada a ga tambarin. Ya jera marafan kwalba a gabansa, yana tura wannan gaba, yana jawo wancan baya, leɓɓansa na motsi.

Rediyo na ta caccakar ƙungiyar garin, wadda kofi ya kusa zuwa hannunta, sai ta shiga shan kashi wasa bayan wasa.

"Kocin nan a kore shi mu huta!" in ji wani direba.

Mutumin bai ɗago ba, hannunsa ne kawai ya tsaya. A nan mai shayi ya gane shi. Yana ayyanawa a ransa, watannin baya a kafaɗa ake ɗaukar bawan Allahn nan, yau ko sannu babu mai yi masa.

Wayar kocin ta yi ƙara.

"Maman yara," ya ce ƙasa-ƙasa, "har yanzu shugabannin ƙungiyar ba su kira ba. Kada ki gaya wa Baba, jininsa zai hau. Ki dai tambayi yayanki ko ɗakin nan nasa yana nan babu kowa."

Motar da yake jira ta kusa cika, kwandasta na ta kira. Shi kuwa bai motsa ba.